Darasi: Idan Tikitin Shaida Ya Ƙi Aiki a Kwamfutar Ofis

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana mene ne tikitin shaida, da abin da ya sa kwamfutar ofis ba ta neman kalmar sirri a kowace ƙofa;
2. duba tikitocin da ke cikin kwamfutarsa, ya zubar da tsofaffi, ya karɓo sababbi;
3. bambanta matsalar agogo da ta hanya, da ta suna, da ta kalmar sirri, ta hanyar karanta saƙon da ya fito;
4. sanin inda aikinsa ya tsaya, na mai kula da sadarwar ofis ya fara.

Kati ɗaya, ƙofofi da yawa

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti ya san tsarin. Ana fara zuwa wurin yankar kati, a faɗi suna, a tabbatar da ko wane ne. Daga nan an gama da doguwar tambaya. Katin ake nunawa a samu 'yar takardar ganin likita, da ta ɗakin gwajin jini, da ta wurin karɓar magani. Mai ba da magani bai san mara lafiyar ba, amma ya san hatimin asibitin, kuma hatimin ya ishe shi.

Kwamfutocin bankuna, jami'o'i da manyan ma'aikatu da yawa haka suke aiki. Ma'aikaci ya shigar da kalmar sirri sau ɗaya da safe, sai jakar fayilolin sashensu ta buɗe, firinta ta karɓi aikinsa, shafin cikin gida na ma'aikata ya gane shi. Tsarin da ke bayan wannan sauƙi sunansa Kerberos. An gina shi a jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin shirin Athena da aka fara a 1983. Damuwar masu ginin a bayyane take: ɗalibai da yawa suna zama a kan kwamfutocin da kowa ke amfani da su, kuma duk wanda ya iya sauraren abin da ke bin waya zai iya tsintar kalmar sirrin wani. Sai suka tsara yadda kalmar sirri ba za ta bi waya ba sam.

Sun ɗauko sunan daga tatsuniyoyin Girka, inda Kerberos kare ne mai kai uku da ke gadin ƙofar duniyar matattu. A tsarin ma ɓangarori uku ne: mai amfani, da saba, wato kwamfutar da ke ba da hidimar da yake so, da cibiyar da dukansu biyu suka amince da ita. An wallafa ƙa'idojin zubi na biyar a 1993, aka sabunta su a 2005, kuma tun daga Windows 2000 kamfanin Microsoft ya mayar da shi ginshiƙin shaida a cikin Active Directory, tsarinsa na riƙe asusun ma'aikata. Linux da macOS ma suna jin yarensa.

> Akwatin kalmomi
> Cibiyar raba tikiti, wato KDC: kwamfutar da ke riƙe da mabuɗan kowa, take ba da tikiti. A ofishin Windows, babbar sabar da ke riƙe da asusun ma'aikata ce ke wannan aiki.
> Babban tikiti, wato TGT: wanda ake samu da kalmar sirri. Shi ne katin asibiti. A allo ana gane shi da kalmar `krbtgt`.
> Tikitin hidima: ƙaramin tikiti na saba ɗaya tak. Da babban tikiti ake karɓo shi.
> Masarauta: yankin da cibiya ɗaya ke iko da shi. Bisa al'ada da manyan baƙaƙe ake rubuta sunanta. Ta MIT ita ce `ATHENA.MIT.EDU`.

A fara da duba aljihu

Tikiti yana da wa'adi. A Active Directory, idan ba a sauya tsarin asali ba, babban tikiti yana aiki na awa 10, kuma ana iya ta sabunta shi har kwana 7 ba tare da sake neman kalmar sirri ba. Umarni ɗaya ne ke nuna abin da ke aljihun kwamfuta, a Windows ko Linux ko macOS: a buɗe tagar umarni a rubuta `klist`. Za a ga sunan mai tikiti, da sabar da aka yanka shi dominta, da lokacin farawa da na ƙarewa. Ido ya fara neman layin `krbtgt`. Idan babu shi, ko lokacinsa ya wuce, to babu abin da za a nuna wa cibiya a karɓo ƙananan tikitoci.

*Misali na 1.* Ƙarshen wata ne, wani akawu yana haɗa lissafin albashi a kwamfutar Linux. Ya shiga da ƙarfe 8:10 na safe, babban tikitinsa zai mutu 6:10 na yamma. Ya fita sallar magariba, ya dawo wajen 7:00 zai adana aikinsa a jakar sashe, sai aka ce masa `Ticket expired`. Da ya rubuta `kinit -R` da ƙarfe 5:00, da an ƙara masa wa'adi ba tambaya, domin sabuntawa sai tikiti yana da rai. Yanzu da ya mutu, sai ya rubuta `kinit`, ya shigar da kalmar sirri, a yanka masa sabo. Windows yana yin wannan sabuntawa da kansa muddin yana iya kaiwa ga cibiya. Idan ya kasa, a kulle allo da maɓallan Windows da L, a sake buɗewa da kalmar sirri alhali kwamfuta tana haɗe da sadarwar ofis.

Akwai kuma tikitin da bai mutu ba amma labarin da ke cikinsa ya tsufa. A Windows, tikiti yana ɗauke da jerin rukunonin da mutum yake ciki a daidai lokacin da aka yanka shi. Idan da hantsi aka saka sabuwar ma'aikaciya a rukunin sashen kuɗi, tikitinta na safe bai san da haka ba, jakar za ta ci gaba da korar ta. `klist purge` yana zubar da tikitocin don a karɓo sababbi. Abin da ya fi tabbas shi ne ta fita daga asusunta gaba ɗaya ta sake shiga.

Agogo

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin, domin a nan ne mutane suka fi ɓata lokaci suna neman laifi a inda babu shi.

Tunda kalmar sirri ba ta bin waya, yaya cibiya take gane cewa mutum ya san ta? Kwamfuta tana sarrafa kalmar sirri ta fitar da mabuɗi daga cikinta. Sai ta ɗauki lokacin da ake ciki yanzu, ta kulle shi da mabuɗin, ta aika. Cibiya tana da irin wannan mabuɗi a ajiye. Idan ya buɗe saƙon, kuma lokacin da ke ciki ya yi kusa da agogonta, ta gamsu. Haka kuma duk sanda aka miƙa tikitin hidima ga saba, ana haɗa shi da wata 'yar shaida mai ɗauke da lokaci. Hikimar ita ce, ɓarawon da ya naɗi saƙon ya sake aika shi anjima zai tarar lokacin ya wuce. Tazarar da aka yarda da ita tsakanin agogon ɓangarorin, a tsarin asali, minti 5 ce gaba ko baya.

> Akwatin kalmomi
> Saɓanin agogo: bambancin lokaci tsakanin kwamfutoci biyu. Idan ya zarce iyaka, Linux yakan ce `Clock skew too great`, Windows kuma ya ce `There is a time and/or date difference between the client and server`.
> UTC: lokacin bai-ɗaya na duniya. Da shi Kerberos yake lissafi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gabansa da awa 1 duk shekara. Ghana daidai take da shi.

Sababbin manhajoji sukan yi ƙoƙarin gyara wannan bambanci da kansu idan cibiya ta gaya musu lokacinta, amma ba duka ke iyawa ba. Shi ya sa wani lokaci mutum zai shiga kwamfuta lafiya, wata hidima ta buɗe, wata ta ƙi, abin ya rikita kowa.

Sanadin saɓanin agogo na farko ɗan batir ne. A kan babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar tebur akwai batir zagayayye mai sheƙi, kamar tsabar kuɗi, galibi an buga masa CR2032 a jikinsa, mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, ko ake kashe janareta da an tashi daga aiki, wannan batir kusan kullum yana bakin aiki, kuma kwamfutocin gwanjo sukan iso da nasu ya riga ya gaji. Alamar mutuwarsa ba ta ɓuya: da safe kwamfuta ta tashi da kwanan watan shekarun baya, a gyara, gobe ta koma. Kuɗinsa kaɗan ne, sauya shi aikin 'yan mintuna ne bayan an zare wayar wuta.

Sanadi na biyu ya fi wayo, domin agogon da ke kusurwar allo yana nuna daidai.

*Misali na 2.* An sayo kwamfuta da ta yi aiki a Ingila, yankin lokacinta yana nan a Landan. Daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba, Landan tana gaban UTC da awa 1, daidai da Kano da Yamai, don haka babu wanda ya lura. Ƙarshen Oktoba Landan ta ja agogonta baya. Ranar Litinin wata sakatariya ta ga kwamfuta ta ce 8:00 alhali wayarta ta ce 9:00. Ofishinsu ya bar wa ma'aikata ikon taɓa agogo, sai ta tura shi gaba da hannu. Yanzu kwamfuta tana ganin 9:00 ce a Landan, wato 9:00 a UTC, alhali ainihin UTC 8:00 ce. Saɓanin minti 60 ne, ninki 12 na abin da aka yarda da shi. Ta kira mai kula da sadarwa ta ce, "Malam, jakar sashenmu ta ƙi ni, kuma agogona daidai yake." Ya ce, "Hajiya, kada ki sake taɓa lokacin. Duba mini yankin da aka zaɓa." A nan maganin yake: a mayar da yankin zuwa `West Central Africa` a Windows, ko `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey` a Linux, sannan a bar kwamfuta ta ɗauko lokaci daga saba.

Na uku yana samun masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Windows yana ajiye lokacin gari a agogon cikin akwati, Linux kuma yakan ɗauka UTC ne aka ajiye. Duk sauyawa daga wannan zuwa wancan na iya karkatar da agogo da awa guda cif.

Dubawa ba wuya. A Windows, `w32tm /query /status` yana nuna inda kwamfuta ke samun lokaci, `w32tm /resync` kuma yana tilasta mata daidaitawa, sai dai yana buƙatar ikon mai kula. A Linux, `timedatectl` yana jera lokacin gari, da na UTC, da yankin da aka zaɓa. Layin UTC ne abin dubawa: a Najeriya da Nijar dole ya kasance baya da agogon waya da awa 1.

Hanya zuwa cibiya

Tikiti ba ya samuwa sai an je inda ake yankarsa. Kwamfuta tana tambayar DNS na ofis inda cibiya take, sannan ta yi magana da ita ta ƙofa mai lamba 88. Idan tambayar ba ta samu amsa ba, Linux yakan ce `Cannot find KDC for realm`. Idan an san wurin amma an ƙwanƙwasa shiru, sai ya ce `Cannot contact any KDC for realm`.

> Akwatin kalmomi
> DNS: littafin adireshi na sadarwa, mai mayar da suna zuwa lamba. Na ofis ya san sabobin cikin gida. Na waje bai san su ba.

*Misali na 3.* Intanet na ofis ya yi nauyi, wani ma'aikaci ya zare wayar sadarwa ya haɗa kwamfutarsa da datar wayarsa. Facebook yana buɗewa, imel na waje yana shiga, amma firinta da jakar sashe sun ɓace. Ya rantse sadarwa lafiya take. Gaskiyarsa ta wani ɓangare: yana kan intanet, amma ya fita daga cikin gidan da cibiya take. Irin haka ke faruwa ga wanda ya sauya DNS ɗinsa zuwa 8.8.8.8 na Google don neman sauri. `ipconfig /all` yana nuna DNS ɗin da Windows ke amfani da shi. Idan sunan masarautar, a misali, `OFIS.MISALI` ne, umarnin `nslookup -type=SRV _kerberos._tcp.ofis.misali` ya kamata ya dawo da sunan cibiya.

Wani abu yana yaudarar mutane a nan. Windows yana tuna shigar da aka yi a baya, don haka yakan bar mutum ya shiga kwamfuta ko da bai ga cibiya ba. Ganin allon aiki ya buɗe ba ya nufin an samu tikiti. Mai aiki daga gida sai ya kunna VPN, wato hanyar da ke haɗa shi da sadarwar ofis, kafin ya sa rai da tikiti.

Suna

Kerberos yana da tsantseni a kan suna. A Linux, `akawu@OFIS.MISALI` da `akawu@ofis.misali` ba ɗaya ba ne, kuma rubuta masarauta da ƙananan baƙaƙe yakan jawo `KDC reply did not match expectations`. Saƙon `Client not found in Kerberos database` yana nufin cibiya ba ta san mai wannan suna ba, sau da yawa saboda kuskuren harafi. `Server not found in Kerberos database` kuwa sabar ce ba a sani da sunan da aka kira ta ba. Da suna ake yanka tikitin hidima, don haka wanda ya kira saba da lambarta ta IP galibi ba ya samun tikiti. Windows yakan koma wa tsohon tsari mai suna NTLM a ɓoye, kuma a inda aka rufe NTLM sai ƙofa ta ƙi buɗewa. A kira saba da cikakken sunanta.

Kalmar sirri, a ƙarshen layi

Da gangan aka ajiye ta a ƙarshe. Ita mutane ke fara zargi, suna ta maimaita ta, kuma ofisoshi da yawa sun tsara a kulle asusu bayan 'yan kurakurai a jere. Mutum ya zo da matsala ɗaya ya ƙara wa kansa ta biyu. Shawarar wannan darasi ita ce a tsaya bayan gwaji biyu, a karanta saƙon.

Idan da gaske kalmar ce, za a ga `Password incorrect` ko `Preauthentication failed`. A duba fitilar Caps Lock, sannan a duba tsarin kibod. Wannan ya shafi duk mai aiki tsakanin Najeriya da Nijar: a kibod ɗin Faransanci na AZERTY, A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, M ta koma wani gurbi, lambobin layin sama kuma sai an danne Shift. Tunda ɗigo-ɗigo kawai ake gani a gurbin kalmar sirri, mutum ba ya ganin abin da yatsunsa ke rubutawa. A gwada haruffan a gurbin suna, a gani da ido, a goge.

`Client's credentials have been revoked` yana nufin an kulle asusu ko an dakatar da shi. Idan ana buɗewa yana sake kullewa, a tuna da wayar hannu. Mutum ya sauya kalmar sirri a ofis, manhajar imel ta wayarsa tana can tana gwada tsohuwar ba dare ba rana. Mai kula zai iya gano mai laifin, domin sabar Windows tana rubuta irin wannan gazawa da lamba 4771, tare da adireshin da gwajin ya fito.

Saƙon `KDC has no support for encryption type` ba na mai amfani ba ne. Yana nufin ɓangarorin biyu ba su da salon kullewa ɗaya, abin da aka saba gani da tsofaffin na'urori tun da aka kashe salon DES a Windows 7, ake kuma janye salon RC4 a koma AES. Wannan sai mai kula.

Idan an kai gare shi, a tafi da abu uku: saƙon kamar yadda ya fito harafi da harafi, ko hotonsa, da lokacin da ya fito, da abin da `klist` ya nuna. A Linux, `KRB5_TRACE=/dev/stderr kinit` yana bayyana kowane mataki, har da cibiyar da aka nema da amsar da ta bayar. Kalmar sirri ba ta cikin abin da ake miƙawa, ko ga mai kula, domin yana da ikon sake saita ta ba tare da ya ji tsohuwar ba. Wanda kuma ya yi aiki a kwamfutar da ake rabawa, ya goge tikitocinsa da `kdestroy` a Linux, ko ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, saboda duk wanda ya samu tikitin da ke da rai zai iya shiga da sunan mai shi har wa'adinsa ya cika.

Tambayoyin bita

1. Da misalin katin asibiti, a bayyana bambancin babban tikiti da tikitin hidima.
2. Me ya sa Kerberos yake saka lokaci a cikin saƙonninsa? Minti nawa ne iyakar saɓani a tsarin asali?
3. An yanka babban tikiti da ƙarfe 7:45 na safe, wa'adinsa awa 10. Ƙarfe nawa zai mutu? Wane umarni ya dace da ƙarfe 4:00 na yamma, wanne ya dace da ƙarfe 8:00 na dare?
4. An kawo kwamfuta daga Akra ta Ghana zuwa Zinder ta Nijar ba a sauya yankin lokacinta ba, aka tura agogonta gaba da hannu ya dace da na gari. Saɓanin minti nawa aka haifar, kuma yaya za a gyara?
5. Kwamfuta tana tashi da tsohon kwanan wata duk safiyar da aka kwana babu wuta. Me za a fara dubawa?
6. Shafukan intanet suna buɗewa, jakar sashe ta ƙi. A kawo dalilai biyu daga sashen hanya.
7. Asusun wata ma'aikaciya yana sake kullewa jim kaɗan bayan an buɗe shi, kwana ɗaya da sauya kalmar sirrinta. Ina za a nemi sanadin?
8. Aikin yi: a rubuta `klist` a kwamfutar ofis ko ta aji, a kwafe sunan masarauta, da lokacin farawa da na ƙarewar layin `krbtgt`, a lissafa awa nawa ne wa'adinsa.